Kama da wane ba ta wane, ko a filin wasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin malaman wasanni na makarantu da kociyoyin unguwa a nan Katsina da Daura, tunda lokacin gasar gida-gida, wadda yara ke kira intahaus, ya matso.

Abin da ake yi duk shekara sananne ne. Saura kwana uku gasa, malami zai leƙa aji ya ɗebo yaran da suka iya ƙwallon ƙafa, ya ce wannan ya yi gudun mita 100, wancan ya shiga ƙwallon hannu, dogon cikinsu ya tafi ƙwallon kwando. In ka yi magana a ce maka ai ɗan wasa ɗan wasa ne. A can gefe kuma ga kociyoyin da ke kiran ƙungiyarsu akadami, masu hana yaro ɗan shekara goma taɓa kowane wasa in ba ƙwallo ba, wai kada ƙafarsa ta lalace. Dukansu sun kauce hanya, kuma a wuri ɗaya suka kauce. Sun ɗauka gwaninta buhu guda ce, a sungume ta a kai wani wasa, ko wani wasan ya zo ya farke ta. Alhali ƙulli-ƙulli ce. Wani ƙullin yakan bi yaro zuwa sabon wasa ya taimake shi, wani ya bi shi ya hana shi sakat, wani kuwa ba ya ko motsawa daga inda aka koye shi. Aikin mai horarwa ne ya san wanne ne wanne tun kafin ya busa usur.

Mu fara da dambe, don a nan abin ya fi fitowa fili. Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa, mai ƙarfin, ya ajiye shi can baya. Ɗayan yana miƙe a gaba, tafi a buɗe, da shi yake auna tazara, da shi yake turewa, da shi yake riƙewa, amma ba ya naushi da shi. Tsayuwarsa a karkace take, ƙafafu a ware sosai. Naushin daga nesa yake tasowa, ya zagayo ta sama ko ta gefe da dukan nauyin jiki, domin kisa ake nema: abokin karawa ya kai hannu ko gwiwa ƙasa cikin turmi uku. To a sa wa wannan yaron safar boksin a zuba ido. Mintin farko zai yi yadda aka ce, hannu biyu a kumatu, haɓa a ƙasa. Da an taɓa masa hanci sau ɗaya, shi ke nan. Hagun zai miƙe yana laluben kafaɗar abokin karawa, alƙali ya yi masa gargaɗin riƙo. Daman zai sauka wajen ƙugu yana ɗaukar nisa, muƙamuƙi ya zauna a fili, naushin hagu na gefe ya same shi nan. Wani ma ƙafa zai ɗaga, tunda a dambe shuri ba laifi ba ne. Kada a ce taurin kai ne. Ido ya ga abin da ya saba gani, mutum a gaba yana neman kansa, jiki kuwa ya ba da amsar da ya maimaita sau dubbai.

Amma fa ba hannu rabbana ya zo ba. Ba ya runtse ido in naushi ya taho, ya san inda hannun abokin gaba yake ƙarewa, ya san ƙarfin bugu daga ƙugu yake fitowa, kuma taron jama'a ba ya kaɗa masa hanta. Sabon shiga sai ya yi watanni kafin ya sami waɗannan. Saboda haka gyaran wuri huɗu zai nufa kawai. Makonni huɗu na farko kada a haɗa shi da kowa. Ya yi turmi uku na minti biyu-biyu a kan buhu, hagu zalla, miƙaƙƙen naushi daga haɓa ya dawo haɓa. A naɗe hula a maƙale masa tsakanin gwiwar hannun dama da haƙarƙari. Duk sanda ta faɗi, a sake turmin daga farko. In an zo koyon naushin dama, a tsayar da shi bango na gefen damansa, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ɗaya ba. In ya zagayo da hannun, gwiwar hannu za ta gogi bango, bangon ya yi wa koci magana. Ƙafafu kuma a zana layi biyu da alli, faɗin kafaɗa da ɗan ƙari, kada ya fita. Sai numfashi: damben gargajiya akwai zagaye da kallon-kallo kafin a kai hari, boksin na masu son kai gasar Olamfik kuwa turmi uku ne na minti uku-uku, hutun minti ɗaya a tsakani, kuma ba tsayawa.

Tun a 1901 wasu masana biyu a Amurka, Thorndike da Woodworth, suka nuna cewa koyon abu ɗaya yana taimaka wa koyon wani ne gwargwadon sassan da suka yi tarayya a ciki. Masu nazarin wasanni da suka biyo baya sun gano inda gizo ke saƙa: wurin da abin da ido ke gani iri ɗaya ne, amma abin da ake so jiki ya yi daban. Iyo da ƙwallon tebur ba sa cutar juna, don ba abin da ya haɗa su. 'Yan ubanci tsakanin masu kama yake.

Dubi ƙwallon hannu da ƙwallon kwando. A na hannu an yarda ka yi taku uku da ƙwallo a riƙe. A na kwando biyu ne, na ukun alƙali zai busa. A na hannu da ƙarfi ake jifa, a miƙe, cikin raga mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2. A na kwando bakin kwandon yana sama mita 3.05, dole ƙwallo ta yi baka ta sauko, kuma daga kan yatsu take mirginowa. Mai tsaron baya a ƙwallon hannu yana tarar mutum gaba da gaba da ƙirji da hannuwa. Ya yi haka sau biyar a kwando an fitar da shi. Maganin takun shi ne a zana sawu biyu da alli a gaban kwando, yaro ya riƙa faɗa da bakinsa, "dama, hagu, sama", sau ashirin ta kowane gefe kafin a fara wasa. Maganin jifan kuwa a ɗaura igiya tsakaninsa da kwandon, ta ɗara bakin kwandon tsayi, ya riƙa jefawa ta samanta. Shi kuma ɗan kwando in an kai shi ƙwallon raga, ya saba tashi da ƙafa ɗaya yana tafiya gaba, sai ya faɗa cikin raga, ko ya dira a kan ƙafar abokin hamayya idon sawu ya gurɗe. A can da ƙafa biyu ake tashi, kuma sama ake nufa.

Na ƙwallon tebur da badminton in sun koma tanis, matsalar wuyan hannu ce. Ƙwallon tebur giram 2.7 ce, gashin badminton wajen giram 5, ana iya sarrafa su da murɗa wuyan hannu. Ƙwallon tanis ta kusa giram 60, abin bugun wajen giram 300. Wanda ya saki wuyan hannu a nan, ƙwallo ta tashi sama, gwiwar hannu kuma ta fara ciwo.

Kokawa ma haka. A tamu ta gargajiya, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, wanda ya yi kaye ya ɗaga hannu ya nufi makaɗa. A kokawar Olamfik kaye maki ne kawai, ana ci gaba a ƙasa har sai an danne kafaɗu biyu ko zango biyu na minti uku-uku sun cika. Ɗan kokawar gargajiya yakan saki mutum daidai lokacin da ya kamata ya danne, kuma in shi aka kayar bai san ana kifa ciki a hana juyawa ba. Tushen kuwa mai kyau ne: Daniel Igali, ɗan Bayelsa da ya ci wa Kanada zinare a Sidni a 2000, da kokawar gargajiya ya taso. Rabin atisayen irin wannan ɗan wasa a ƙasa ya kamata ya fara.

Bakatsine ba ya maganar wasa ya tsallake doki. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa ƙwallon dawaki, wato folo, a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwanintar da ƙololuwarsa 10 ce. Wannan ya sa ake ɗauka duk wanda ya iya hawan sallah ya iya folo. Mahayin sallah ya zo da abubuwa masu tsada: ba ya tsoron sukuwa, yana karanta kunnen doki, cinyarsa ta san dabba. Sai dai sirdin gargajiya kwacciya gare shi gaba da baya, mutum a zaune yake daram kamar a kujera, ƙafa cikin faffaɗar likkafa, kuma ya saba zame doki da fizgar linzami wajen jafi. Sirdin folo a shimfiɗe yake. Mai bugu sai ya tashi daga kan sirdi ya tsaya bisa gwiwa da likkafa, ya murɗa jiki har kafaɗar hagu ta kalli ƙwallo, sanda a hannun dama ko da bahago ne, linzami a hagu, ya bugi ƙwallon da gefen kan sandar. Wanda ya buga daga zaune, sanda za ta daki ƙasa kafin ƙwallo, ko ta daki ƙafar dokin. Mafi muni shi ne hannun hagu da ke fizga duk sanda na dama ya wurga. Ba a jimawa doki zai haɗa bugu da zafin baki, ya fara kauce wa ƙwallo da kansa. Kun ga ke nan ko dabba tana ɗaukar darasin wani wuri ta kai wani. Shi ya sa ake koyon bugu a kan dokin katako tukuna, sannan a kan doki yana tafiya, sannan sassarfa, sukuwa a ƙarshe. In kuma mai koyon ɗan ƙwallon ƙafa ne, a gaya masa tun ranar farko cewa layin da ƙwallo ta bi hanya ce mai doka. Ratsa gaban wanda ke kan layin don ƙwace ƙwallo gwaninta ce a filin ƙwallon ƙafa, a nan kuwa laifi ne da kan iya haɗa dawakai biyu karo.

Kada mai karatu ya ce ashe kociyoyin akadami ke da gaskiya. Irin wannan cikas ba ya daɗewa in an san da shi an yi masa aiki, ribar kuwa takan zauna. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, gola ya yi a ƙwallon ƙafa, ya buga ƙwallon hannu, bai taɓa kwando ba sai yana shekara 15. Ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1994 da 1995, kuma har yau ba wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a sama a tarihin gasar, guda 3,830. Saurin sauya ƙafa da sanin lokacin tashi, aikin gola ne tsantsa. Chioma Ajunwa ta buga wa Najeriya ƙwallon ƙafa, sannan ta ci zinaren dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da mita 7.12. Abin da ya fi kome bin mutum daga wasa zuwa wasa shi ne ido da dabara. Ƙwallon ƙafa, na hannu, na kwando da hoki duk tunani ɗaya suke nema: ba-ni-in-ba-ka, neman fili, jan mai tsaro gefe don ɗan'uwa ya wuce, dawowa da sauri in an rasa ƙwallo. Yaron da ya gane uku-da-biyu a ɗaya ya gane a sauran. Hannu ko ƙafar ce kawai za a koya masa.

Akwai kuma wanda ba ya bin mutum ko kaɗan. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, amma da ya je gwaji wata ƙungiyar ƙwallo a Ostareliya a 2018 bai zauna ba. Gudun ɗan ƙwallo gajere ne, da birki da juyi, kai a ɗage ana kallon mutane. Haka in an juya: ɗan gaban da ya fi kowa gudu a fili yakan sha kashi a mita 100, don bai san tashi daga durƙuso ba, yana miƙewa tsaye tun taku na uku, kuma wajen mita 60 sai ya ɗaure kafaɗa. In dogon tsalle aka sa shi, katakon tashi faɗinsa santimita 20 ne kacal, shi kuwa ya saba rage taku yana kallon ƙasa kamar mai shirin bugun fenareti, gudun da ya tara ya zube. A auna masa taku 14 zuwa 16, a sa dutse a mafari, ya ƙirga nisan da tafin ƙafarsa ya rubuta, ya maimaita gudun kaɗai ba tsalle har ƙafar ta riƙa samun katakon ba tare da ya duba ba.

Ko cikin ƙwallon ƙafar ma akwai ƙaura. Yaron da ya taso a filin unguwa, ƙasa da tsakuwa, biyar-da-biyar, ƙafa ba takalmi, ya fi kowa iya tare ƙwallo mai tsalle-tsalle da fita daga matsi. A kai shi ciyawar filin wasa na Muhammadu Dikko, ƙwallo ta riƙa sulɓewa ta riga shi, tarar da yake yi da tafin ƙafa ta ƙi, kuma bai taɓa aika ƙwallo mita 30 ba, bai san satar gida ba. Waɗannan ukun za a koya masa. Yankan da ya zo da shi a bar masa abinsa.

Langa ta cancanci a mayar da ita makarantu. Tana ƙarfafa idon sawu da gwiwa, tana koyar da dira a kan ƙafa ɗaya, abin da dogon tsalle da kwando da ƙwallon hannu duk suke buƙata. Sharaɗi ɗaya: yara kan maƙale wa ƙafa guda, to a riƙa sauyawa kowane zagaye. Amma kada a zaƙe a ce gwanin langa ba zai faɗo daga doki ko keke ba. Gwaje-gwaje sun daɗe da nuna cewa iya tsayuwa a wani yanayi ba ya tabbatar da iyawa a wani. Maganar ƙafa ta tuna mini da hagu. Tun 1894 aka gano a jami'ar Yale cewa horar da hannu ɗaya yana ƙara wa ɗayan ƙarfi da iyawa ko ba a taɓa shi ba. Ma'ana ƙafar hagun yaro ba daga sifili za ta fara ba, ta riga ta saci karatu. Bango, tazarar mita 5, bugu 50 da dama, 50 da hagu, sannan 50 ana musanyawa, minti goma kullum. A duba ƙafar da ke tsaye: yawancin kuskuren bugun hagu daga daman yake, don ba ta saba zama ginshiƙi a gefen ƙwallo ba.

Game da shekaru, tsarin da masanin Kanada Jean Côté ya fitar yana da sauƙin riƙewa: daga 6 zuwa 12 yaro ya ɗanɗana wasanni da yawa, 13 zuwa 15 ya rage su zuwa biyu ko uku, daga 16 ya riƙe ɗaya. Wani nazari da masana na Jamus da Amurka suka fitar a 2021, wanda ya tattara bayanan 'yan wasa sama da 6,000, ya nuna cewa waɗanda suka zama zakarun duniya da girmansu sun fi yin wasanni daban-daban a ƙuruciya, kuma sun fara babban wasansu a makare. Masu tsayawa kan wasa ɗaya tun da wuri su ke haskawa a gasar yara. To kocin da kofin 'yan ƙasa da shekara 13 ne gabansa yana da dalilinsa, amma uban yaro ya san abin da ake saya da abin da ake sayarwa. Likitocin wasanni ma suna ba da shawarar kada awannin atisayen yaro a mako su wuce yawan shekarunsa; ciwon nan na ƙasan ƙoƙon gwiwa da ke damun masu shekara 12 zuwa 14 yawanci daga maimaita gudu da tsalle iri ɗaya yake.

Saura yadda za a jera koyarwar. Taura biyu ba ta taunuwa: kada a fara wa sabon shiga wasanni biyu masu kama a zango ɗaya. Kwando wannan zangon, ƙwallon hannu na gaba, amma gudu ko langa suna iya tafiya tare da kowanne. In yaro ya taho daga wani wasa, a tambaye shi me ya saba yi, a faɗa masa bambancin ƙarara, abu ɗaya a rana, a nuna tsohon motsin da sabon a jere don jikinsa ya ji inda suka rabu. Da ya kama, a daina maimaita abu ɗaya sau hamsin, a cakuɗa. A 1986 Goode da Magill sun koya wa ɗalibai bugun farko iri uku na badminton tsawon mako uku. Waɗanda aka cakuɗa wa bugun su suka fi riƙewa daga baya, kuma su suka fi iyawa da aka sauya musu gefen fili. Atisayen zai yi kama da hargitsi, malami ya daure.

Gwajin gaskiya kuwa ba ranar da yaro yake da hutu ake yin sa ba. Tsohon hali a gajiya da tsoro yake dawowa. Misali, yaron da ya koma kwando daga ƙwallon hannu, a sa shi ya zagaya fili sau biyu, a tara 'yan ajinsu suna ihu, a ce maki ɗaya ya rage, sannan a ba shi ƙwallo a ƙirga takunsa. In na ukun ya fito, da saura.

Duk wannan ba ya yiwuwa a kwana uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne su sanar da ranar gasa da mako shida aƙalla, su raba yara wasanninsu tun makon farko, su ba malamin wasanni yamma uku a mako, minti 45 kowace, sannan kowane gida ya rubuta a gaban sunan yaro wasan da ya saba yi a unguwa, har da dambe da kokawa da langa da hawan doki.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai horar da 'yan wasa,
Ƙofar Sauri, Katsina.